'Yan Kwana-kwanan Ƙauye: Labarin Berrigan da Wutar Dajin Ostareliya

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ihun gobara, don ba ya kama da kowane ihu. Ana jin sa mai alwala zai ajiye buta, mai tuƙa tuwo ta bar muciya a tukunya. Wannan ya suri bokiti, wancan tulu, wani ya karyo ɗanyen reshen darbejiya. Kafin a ce me, gari ya hallara. Wani lokaci a ci ƙarfin wutar, wani lokaci ta cinye danga da rumbu da harawar da aka jibge a kan bishiya. Daga nan sai a yi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, kowa ya koma gida, sai kuma wata shekarar.

Yau zan ba ku labarin wasu manoma da suka gaji da jiran ihu. Ƙauyensu Berrigan, a jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya, kuma ƙungiyar da suka kafa shekara ɗari da ashirin da ɗoriya da suka wuce ita ake ɗauka uwar 'yan kwana-kwanan sa-kai na karkarar wannan ƙasa.

Sai mun san ƙasar kafin mu gane wutarta. Jihar New South Wales kaɗai ta kai murabba'in kilomita 800,000, wato saura kaɗan ta kamo Nijeriya girma, amma yawancin mutanenta suna cunkushe a Sidni da bakin teku. In ka nausa ciki, gonakin alkama ne da makiyayar tumaki iya ganinka, tsakanin gida da gida tafiya ce ta mota. Lokacin da muke rawar ɗari a nan, daga Disamba zuwa Fabrairu, su a can bazararsu ke nan, zafi ya kan haura digiri 40. Ga kuma bishiyar da ta mamaye dajinsu, wadda mu ma muka sani, don daga can aka kawo mana ita: bishiyar turare, wasu su ce zaiti, wadda aka jera a matsayin katangar iska a Kano da Jigawa, aka cika tudun Jos da ita. Murza ganyenta ka sansana, wannan ƙamshin mai ne, kuma mai ne da ke kamawa. Ɓawonta yana saɓulewa ya rataya kamar tsumma. In wuta ta kama, iska takan ɗauki ɓawon nan yana ci, ta jefa shi kilomita da yawa gaba, ya kunna sabuwa a bayan masu kashe ta farko.

'Yan asalin ƙasar, waɗanda suka yi dubban shekaru a wurin kafin zuwan Turawa, sun san halin wannan daji. Sukan ƙone shi kaɗan-kaɗan, nan da can, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, ta yadda babu inda busasshen yayi zai taru ya yi yawa. Da Turawan Ingila suka zo daga 1788, suka kore su daga filayensu, suka kafa shinge, suka zuba tumaki, wannan ilimi ya bi masu shi. Daji ya yi ta tara makamashi. Ranar 6 ga Fabrairun 1851 wuta ta tashi a yankin Biktoriya, ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yankin, ta kashe mutum 12 da tumaki kimanin miliyan ɗaya. Baƙin suka sa wa ranar suna Baƙar Alhamis. Ku riƙe wannan salon suna, za mu sake jin irinsa.

To, mu je Berrigan. Ɗan ƙaramin gari ne a yankin Riverina, kudancin jihar, ba nisa da kogin Murray. Ko a yau mutanensa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta alkama. Wanda ya taɓa ganin gonar alkama ta nuna a Kadawa, ta yi ja ta bushe ƙayau tana jiran yanka, ya san abin da tartsatsi ɗaya zai iya yi mata.

Tartsatsin kuwa ba ya wuya a ƙarshen ƙarni na 19. Jirgin ƙasa mai ƙona gawayi yana ratsa gonaki yana feshin wuta ta bututunsa. Matafiya da masu yawon neman aikin sausayar tumaki suna dafa shayi a gefen hanya su tashi su bar rushi. Ga aradu ta rani, wadda ke faɗowa ba ruwa. Har zomo ma yana da hannu a ciki. A 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 'yan ƙalilan a gonarsa kusa da Geelong don ya riƙa farauta. Suka hayayyafa suka zama annoba, suna cinye ciyawar tumaki. Manoma suka shiga zuba musu guba mai sinadarin fosfaras, shi kuwa wannan sinadari in ya bushe ya sha iska da zafi yakan kama wuta da kansa. An je maganin zomo, an tayar da gobara.

Shekarar 1896 ta zo da masifa. Fari ya riga ya fara, wanda ya ɗauki shekaru bai saki ƙasar ba. A watan Janairu aka yi wani zafi da ya hallaka mutum fiye da 400, gobara kuma ta yi ɓarna a New South Wales da Biktoriya. Daga wannan shekara mutanen Berrigan ke ƙirga tarihin ƙungiyarsu, amma rubutacciyar shaida ta farko ita ce ta wani taro da aka yi a watan Nuwamban 1900 a masaukin baƙi na garin mai suna Royal Hotel. Ku lura da watan. Nuwamba a can goshin bazara ne, alkama na gab da nuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me suka mallaka? Kusan abin da muke da shi. Jiƙaƙƙen buhu, ɗanyen reshe, fata ko tsumma da aka ɗaure a bakin sanda ana bugun wuta da shi, manjagara, gatari, garmar doki ta yin kunya a gewaye gona, da tankin ruwa a kan amalanke. Tankin da ya fi shahara shi ne na wani maƙeri mai suna John Furphy na garin Shepparton. Bari in ɗan ratse, don labarin tankin nan yana da daɗi. A yaƙin duniya na farko an yi amfani da shi a sansanonin sojan Ostareliya. Sojoji sukan taru a gindinsa shan ruwa, direbobin amalanken kuma su kawo labarin abin da suka jiyo a wasu sansanoni, rabi gaskiya rabi ƙari. Har yau in ɗan Ostareliya ya ce magana furphy ce, yana nufin jita-jita ce. Ashe hirar bakin rijiya ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba.

In kayan aikinsu bai fi namu ba, me suka yi sabo? Abin da suka yi shi ne, sun mayar da gayya ta ranar ɗaya ta zama ƙungiya mai tsayuwa. An rubuta sunaye. An zaɓi shugaba, wanda suke kira kyaftin, da mataimakansa, domin ranar wuta murya ɗaya za a bi. An san inda tanki yake, an san dokin wa zai ja shi, an san wanda zai hau ya sanar da gonakin gabas da wanda zai sanar da na yamma. An yi karo-karo an sayi abin da babu. A ganina nan ne duk sirrin yake, kuma ba tausayi kaɗai ya kawo shi ba. Manomin da gonarsa ke kudu ya san cewa wutar da ta tashi a gonar maƙwabcinsa na arewa, in ba a tare ta can ba, kafin la'asar tana ƙofarsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Su sai suka ga ya fi sauƙi a taru a kashe ta tun tana gemun farko.

Wasu garuruwa suka kwaikwaya. A 1906 dokar ƙananan hukumomi ta jihar ta ba majalisun yankuna ikon kafa irin waɗannan ƙungiyoyi. Amma kowace ƙungiya sarkin kanta ce, iyakar ikonta iyakar gonakin membobinta.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in an bi tarihin nan daki-daki za a ga abu ɗaya yana maimaituwa: gwamnati ba ta motsi sai an yi gawa. Ranar Juma'a 13 ga Janairun 1939 wuta ta haɗe a jihar Biktoriya. A wannan bazara ta cinye kimanin hekta miliyan biyu, ta kashe mutum 71, da yawansu ma'aikatan injin yanka katako ne da ke zaune a tsakiyar daji da iyalansu. Aka kira ta Baƙar Juma'a. Aka naɗa alƙali Leonard Stretton ya yi bincike. Rahotonsa bai yi wa kowa kara ba. Ya nuna cewa yawancin wutar hannun mutane ne ya kunna ta: makiyaya masu neman sabon toho, masu sharar gona, masu barin wutar zango. Ya kuma nuna yadda hukumomi ke jan iko tsakaninsu daji na ci. Ya ba da shawarar a kafa hukuma ɗaya. Yaƙin duniya na biyu ya shigo, aka jingine magana. Sai da wata gobarar ta 1944 ta sake kashe mutane da dama sannan aka yi doka, a 1945 hukumar kashe gobara ta karkarar Biktoriya, wadda aka fi sani da CFA, ta fara aiki. New South Wales ta yi tata dokar wutar daji a 1949. Ihu bayan hari, amma dai ihun ya bar abin kirki.

Bayan yaƙi kaya suka samu. Tsofaffin motocin soja aka ɗora musu tanki da famfo. Ga goyon ruwa na baya, irin na feshin maganin gona. Daga baya rediyon oba-oba ya zo. A shekarun 1960 wani masanin daji mai suna Alan McArthur ya tsara ma'aunin haɗarin wuta, wanda ke haɗa zafin rana da bushewar iska da gudunta da daɗewar rashin ruwa ya ba da lamba ɗaya. Yanayin Baƙar Juma'a ya ɗauka ya sa a matsayin 100, wai ƙarshen muni ke nan. Daga wannan ma'auni aka samu allon da ke bakin hanyar shiga garuruwan karkara, mai siffar rabin faifai da kibiya, yana nuna haɗarin ranar. In abin ya kai wani mataki sai a ayyana ranar haramcin wuta: ba ƙona shara, ba gasa nama da itace a fili, ba walda a waje. Wanda ya karya, tara ce mai nauyi ko ɗauri.

Yaya ƙungiyar ƙauye take a yau? Rumfar kwano ce a gefen hanya, cikinta mota ɗaya ko biyu, babbar tana ɗaukar ruwa kimanin lita 3,000. Rigunan aiki ruwan ɗorawa suna rataye, kowace da sunan mai ita. Babu wanda ke kwana a wurin. Membobin suna gona, suna shago, suna aji suna koyarwa. In an buga lambar gaggawa, sifili uku, sai saƙo ya shiga 'yar na'urar da ke ƙugunsu ko wayarsu, wanda ke kusa ya ajiye abin da yake yi ya nufi rumfa. Kyaftin har yanzu zaɓensa ake yi a taron shekara, kuma yana iya zama lebura yana ba mai gonar da yake wa aiki umarni. Tony Abbott, wanda ya yi firayim ministan ƙasar daga 2013 zuwa 2015, ɗan ƙungiyar Davidson ne a gefen Sidni, kuma ko yana kan mulki an gan shi cikin rigar yana jan mesa. Mata, waɗanda a da aikinsu shi ne haɗa abinci da shayi da tsaron wayar tarho, yanzu suna tuƙa motar, wasu su ne kyaftin.

Kuɗin mota da mai da horo fa? A New South Wales an daɗe ana raba nauyin gida uku. Kusan kashi uku cikin huɗu daga harajin da ake ɗora wa kamfanonin inshora yake fitowa, su kuma su ɗora wa masu biyansu. Ragowar gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi. Sauran ƙananan buƙatu, ƙungiya ta nema da kanta, ta hanyar gasa nama a ƙofar kanti ranar Asabar ana sayarwa, ko yawo da bokitin taimako. Albashi kuwa babu. Ko sisi.

Yanzu ina so mu ɗan daɗe a kan abin da ya fi kashe 'yan sa-kan nan, don darasin ya shafi duk mai tarar wuta a ko'ina.

A kudu maso gabashin Ostareliya, ranar mugun zafi iska daga arewa take busowa, daga hamadar tsakiyar ƙasar, busasshiya kamar an buɗe tanda. Tana tura wuta kudu. Siffar wutar sai ta zama kamar doguwar tabarma: kanta siriri amma mai tsanani, gefenta dogo, kilomita goma ko ashirin, yana ci a hankali. Ba mai tsayawa a gaban kan. Ana bin gefe ne, ana kashewa ana matsawa. To da yamma sai iska ta juya farat ɗaya, ta dawo daga kudu maso yamma da ƙarfi. Cikin 'yan mintoci wannan dogon gefen na gabas, inda mutane ke tsaye da mesa, shi ya zama kai. Wutar da faɗinta bai wuce kilomita ɗaya ba ta koma mai faɗin ashirin, kuma tana fuskantarsu. In akwai tudu abin ya ƙara muni, domin duk hawan digiri goma, gudun wuta ninkawa yake. Sau da yawa kuma harshen wutar bai kai ga mutum ba, hucinta daga nesa ya gama da shi.

Haka ta faru ranar 16 ga Fabrairun 1983. Kwana takwas kafin nan wata ƙura ta taso daga busassun gonaki ta rufe birnin Melbon da rana tsaka, irin hazon da muka sani amma ja wur. Ranar Laraba wuta ta tashi a Biktoriya da Ostareliya ta Kudu, mutum 75 suka rasu. A Upper Beaconsfield juyin iska ya rutsa motoci biyu na ƙungiyoyin Narre Warren da Panton Hill a kan wata siririyar hanyar daji. 'Yan sa-kai goma sha biyu, babu wanda ya fita.

Aka sake a ranar 2 ga Disamban 1998 kusa da garin Linton. Wuta ta lafa da dare, motoci biyu suka kama hanyar zuwa ɗebo ruwa ta cikin dajin da bai ƙone ba. Iska ta juya kafin lokacin da suke zato. Mota ɗaya tana da sauran ruwan da mutanenta suka lulluɓe kansu da feshinsa, suka tsira. Ɗayar, ta ƙungiyar Geelong West, mutum biyar ne a ciki, duk suka rasu. Bayan binciken wannan mutuwa abubuwa suka canja ƙwarai. Aka wajabta horo na farko kafin a bar kowa ya hau mota, komai daɗewarsa yana kashe wuta a gonar ubansa. Aka sa wa motoci ƙararrawar da ke kuka in ruwa ya yi ƙasa, aka kafa ƙa'idar rage wani kaso a tanki wanda ba na wuta ba ne, na ceton rai ne. Aka ƙara labulen tare huci a tagogi da bututun da ke yi wa motar kanta wanka. Masu bincike har suna suka ba wannan fili da ke tsakanin mai kashe wuta da gefenta, inda akwai ciyawar da ba ta ƙone ba: filin mamaci. Shawararsu ita ce ka tsaya ƙafarka ɗaya a kan baƙin toka, domin inda ya riga ya ƙone ba ya sake ci. Maharbanmu da ke cinna wa daji wuta don gafiya da zomo sun san wannan, sai dai yaran da ke bin su ba duka suka sani ba.

(Gajeren kiɗa)

A New South Wales, gobarar Janairun 1994 ce ta shiga har unguwannin gefen Sidni. Bincike ya nuna ƙungiyoyi suna ƙarƙashin ƙananan hukumomi fiye da ɗari, kowace da irin kayanta da tsarinta. A 1997 aka yi dokar da ta haɗe su a hukuma ɗaya mai suna RFS, Phil Koperberg ya zama kwamishinanta na farko. Yau tana da ƙungiyoyi kusan 2,000 da 'yan sa-kai kimanin 70,000, tana kula da kusan kashi 95 cikin ɗari na faɗin jihar. Ta Berrigan ɗaya ce a cikinsu.

Ba kowa ya yi murna ba. Tsofaffin manoma suna gunagunin cewa a da in ka ga hayaƙi ka ɗaura tanki a tarakta ka tafi, yanzu sai takarda, sai izini daga wanda ke zaune a ofis a Sidni bai san inda rafi yake ba. Ƙorafinsu na da ƙamshin gaskiya, musamman kan wahalar samun izinin ƙona ciyawa tun da sanyi. Amma ni dai in aka ce in zaɓa tsakanin cika takarda da abin da ya faru a Linton, na san wanda zan ɗauka.

Ranar 7 ga Fabrairun 2009 zafi ya kai digiri 46.4 a Melbon, wuta ta share garuruwan Marysville da Kinglake, mutum 173 suka mutu. Baƙar Asabar. Lambar McArthur ta zarce 100 nesa ba kusa ba, dole aka ƙara wa allon bakin hanya sabon mataki, wanda ma'anarsa ita ce kada ka tsaya kare gida, tashi tun da safe.

Sai bazarar 2019 zuwa 2020. A New South Wales kaɗai hekta miliyan biyar da rabi suka ƙone, gidaje fiye da 2,400 suka tafi, mutum 26 suka rasu. Wuta ɗaya da aradu ta kunna a dutsen Gospers a ƙarshen Oktoba ta ci fiye da hekta 500,000. Ranar 19 ga Disamba bishiya ta faɗo a gaban motar ƙungiyar Horsley Park kusa da Buxton, motar ta kife, Geoffrey Keaton da Andrew O'Dwyer suka rasu, kowannensu ya bar ɗan yaye. Firayim minista Scott Morrison yana hutu a Hawai a lokacin, sai da ya katse ya dawo cikin zagin jama'a. Ranar 30 ga wata, kusa da Jingellic, can sama a bakin kogin Murray ɗin nan da ya biyo ta kusa da Berrigan, wuta ta haifar da guguwar kanta, guguwar ta ɗaga motar kwana-kwana sukutum ta kifar. Samuel McPaul ya rasu yana da shekara 28, matarsa na da cikin fari. Kwamishinan RFS na lokacin, Shane Fitzsimmons, shi ya riƙa zuwa jana'iza yana maƙala wa marayu lambar yabon iyayensu. Shi ma maraya ne na wuta: mahaifinsa ya rasu a 2000 a wani aikin ƙona daji na rigakafi da ya ƙwace a arewacin Sidni.

Wannan bazara ce ta tayar da tambayar da aka daɗe ana kauce mata. Tsarin Berrigan an gina shi ne a kan wutar kwana biyu ko uku, ka kashe ka koma gonarka. Yanzu ga mutum ya yi wata biyu, uku, bai buɗe shagonsa ba. Wa zai ciyar da gidansa? Gwamnatin tarayya ta amince da biyan diyya, dalar Ostareliya 300 a rana, iyaka 6,000, ga masu sana'ar kansu da ma'aikatan ƙananan kamfanoni da suka wuce kwana goma a bakin wuta. Abin mamaki, cikin 'yan sa-kan akwai waɗanda ba su so ba. Suna ganin ranar da kuɗi ya shigo, ranar za a fara tambayar wa ya fi wa samu. Ga kuma ƙauyukan suna raguwa, matasa na tafiya birni, gonaki na haɗewa a hannun kamfanoni, masu furfura sun yi yawa a rumfa.

Jama'a kuwa sun buɗe hannu. Matan wata cibiyar Musulunci ta Newport a Melbon sun cika motoci da kaya suka kai gabashin Biktoriya, suka dafa wa 'yan kwana-kwana karin kumallo. Wata mai wasan barkwanci, Celeste Barber, ta buɗe asusu a Facebook tana neman dala 30,000, aka tara fiye da miliyan 51. Sai rigima ta biyo baya, don masu bayarwa da yawa sun zaci kuɗin zai kai ga waɗanda gidajensu suka ƙone da sauran jihohi. A watan Mayun 2020 kotun ƙolin jihar ta ce a'a, asusun da aka ambata tun farko na RFS ne, ƙa'idarsa kayan aiki da horo da tallafa wa 'yan kwana-kwanan da suka jikkata da iyalan waɗanda suka rasu. Masu haɗa gudummawar masallaci da ta asibiti, a rubuta abin da ake tara kuɗi dominsa tun kafin su taru. Wutar kanta kuwa, ruwan sama mai ƙarfi na watan Fabrairu ne ya ƙarasa kashe ta.

Kafin lokaci ya ƙure, mu waiwayo gida. Shekarar 1983 ɗin nan da Melbon ta ga ja, masu saurarenmu na zangon Kumasi da Tamale ba su manta da ita ba. Fari ɗaya ne ya haɗa nahiyoyin biyu. Wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci a Gana, ga yunwa, ga 'yan ƙasar da aka koro daga Nijeriya a farkon shekarar. A 1990 gwamnatin Jerry Rawlings ta yi dokar hana ƙona daji, wadda ta tanadi kafa rundunar 'yan sa-kai ta kashe wuta a garuruwa da ƙauyuka. A Nijar kuma, a yankunan makiyaya, bayan damina akan ɗauki mutanen karkara su share dogayen hanyoyi a cikin ciyawa don wuta in ta zo ta rasa abin ci, irin kunyar da manoman Berrigan ke yi da garmar doki.

Akwai kuma wani bashi tsakaninmu da mutanen Ostareliya. Sun ba mu turare, mu kuma daga nahiyarmu aka kai musu gamba. E, gambar nan ta zana da jinka. A shekarun 1930 aka shigar da ita arewacin ƙasar don kiwon shanu, kuma har yau da sunanta na Hausa suke kiranta, gamba. A nan muna yanke ta mu saƙa zana, shanu su cinye saura, ba ta samun sakewa. A can babu mai saƙa zana. Ta tsallake shinge ta bazu a dajin kudu da birnin Darwin, wajen Batchelor, tana kai mita huɗu, tana bushewa a makare, in ta kama kuma zafinta ya ninka na ciyawar ƙasar sau da yawa, har manyan bishiyoyi take kashewa. A 2012 gwamnati ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. 'Yan sa-kan wannan yanki, waɗanda a da ƙaramar mota da tanki ta ishe su, yanzu in gamba ce ke ci sai an kira jirgin sama ya yi mata ruwa.

Agogo ya ce mu tsaya nan.  

(Kiɗan rufe shiri)